INJIN ZARTO: WANE ZA MU SAYA, KUMA WANE ITACE ZA MU KAYAR?

 

Dalilin wannan rubutu shi ne maganar da ta taso a zamanmu na bayan sallar layya, game da gyaran shingen tike da wurin lodi. Wasu suka ce kuɗin da muke ba masu yankan katako duk shekara ya yi yawa, gara ƙungiya ta sayi injin zarto nata, wanda masu Faransanci ke kira tronçonneuse. Nan aka shiga ja-in-ja. Wannan ya ce a sayi ƙarami tunda ya fi araha, wancan ya ce in ba babba ba kada ma a soma. Daga ƙarshe dattawa suka ɗora mana mu bincika mu kawo bayani. To, mun zauna da masu yankan katako da makanikai a nan Garwa, mun kuma haɗa da abin da idonmu ya gani a hanya. Ga abin da muka samo.

ME YA HAƊA FALKE DA INJIN ZARTO?

Wani zai ce mu da muke harkar shanu ina ruwanmu da inji? Ai da ruwanmu. Turaku da shinge itace ne. Katakon bodin mota da sandunan da ake girkawa a tirela itace ne. Da damina iska kan kayar da itace ta tare hanya, mota cike da shanu ta kwana a daji saboda gungume ɗaya. Sannan a bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, garken da aka koro daga Cadi zuwa Adumri, daga nan zuwa Mubi ko Yola, da ganyen itace yake rayuwa a hanya. Ka ga kenan muna buƙatar itace a kwance, muna kuma buƙatarsa a tsaye. Duk shawarar da za mu yanke sai ta duba biyun.

ƘARAMIN INJI DA INJIN MA'AIKATA

Manyan kamfanonin da aka fi sani biyu ne, Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin. Kowannensu yana ƙera inji iri biyu: na amfanin gida, da na ma'aikacin da sana'arsa kenan. Fenti ɗaya, suna ɗaya, amma ciki ya bambanta.

Na farko, girman inji. Ana auna shi da cc, kamar dai na babur. Ƙaramin irin Stihl MS 180 bai wuce cc 32 ba, ƙarfin doki biyu, nauyinsa wajen kilo 4. Na ma'aikata irin MS 382 yana da cc 72, ƙarfin doki biyar da ɗoriya, kilo shida da wani abu. Takwaransa a Husqvarna shi ne 372 XP, mai kusan cc 71. Sai uban gayyar, tsohon Stihl 070 da masu tsaga katako ke ji da shi: cc 106, wato ya kusa injin babur ɗin da 'yan acaɓa ke hawa, kuma ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa komai ba.

Na biyu, tsawon takobi, wato dogon ƙarfen nan mai faɗi da sarƙa ke zagayawa a kansa. Ƙaramin inji yana jan takobi na santimita 35 zuwa 40. Na ma'aikata yana jan na 50 zuwa 60 ba wahala, 070 kuwa har na 90. Wasu kan ɗaura wa ƙaramin inji dogon takobi wai don ya yi aikin babba. Wannan kamar ɗora wa maraƙi amalanken bijimai ne.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, gangar jiki. Gangar ƙaramin inji yawanci roba ce, an kulle injin a cikinta. Ta na ma'aikata ƙarfe ce mara nauyi da ake kira magniziyam, ɗan'uwan alminiyam, mai jure zafi da jijjiga. A na ma'aikata makaniki zai kwance silinda cikin ɗan lokaci, ya canza fistin da ringi, inji ya dawo aiki. A ƙaramin kuwa sai an warware kusan komai kafin a kai ga fistin, har kuɗin gyara ya kusa kuɗin sabo.

Na huɗu, ƙananan abubuwan da ba a lura da su sai an soma aiki. Na ma'aikata yana da matatar iska mai girma, da famfon man sarƙa da ake iya ƙara wa ko a rage, da ɗan maɓallin da ke sassauta inji don igiya ta yi sauƙin ja. An yi shi ne don ya wuni yana aiki, yau da gobe da jibi. Ƙaramin an yi shi ne don mai gida ya datse rassa ko ya yanka itacen girki na awa ɗaya ko biyu, ya ajiye.

Mun ga misalin wannan da idonmu. Wani ɗan'uwanmu mai gidan kiwo ya sayi ƙaramin inji, ya ba yaronsa ya yanka turakun ƙirya, daga nan kuma ya sa shi tsaga gungumen maɗaci ya fitar da katako. Tsaga itace a tsaye shi ne aiki mafi wuya ga inji, domin sai ya yi ta gudu a wuta ɗaya ba hutu. Ba a yi wata biyu ba fistin ya kama. Alhaji ya yi ta faɗa wai an sayar masa da jabu. Makaniki ya ce masa, "Alhaji, injinka na gaske ne, aikin da ka ba shi ne ba nasa ba."

Jabun ma akwai shi, da yawa. Za ka ga inji da fentin babban kamfani, da sunansa a jikin takobi, kuɗinsa kuwa bai kai rabin na gaske ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda zai saya ya tafi da makanikin da ya yarda da shi, a duba lambar inji, a karɓi rasit, a kuma tambaya tun kafin a biya: ana samun kayan gyaransa a Garwa ko Yola? Injin da ba a samun fistin da sarƙarsa a kusa, ko kyauta aka ba ka, kaya ne kawai. Akwai kuma masu aiki da batir da suka shigo yanzu. Suna da kyau wajen datse rassa a cikin gari, amma a dajin da ba wuta ba su da wani amfani a gare mu.

ABUBUWA HUƊU DA KE KASHE INJI A ƘASARMU

1. Haɗin mai. Injin zarto ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake haɗa masa. In man kamfani ne na ainihi, ma'auni ɗaya ne cikin hamsin, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. In irin man haɗin da ake zuba wa tsofaffin babura ne, masu sana'ar kan ninka, su sa 200 a lita 5. Kada a haɗa da ka, a nemi ma'auni. Wanda ya manta ya zuba fetur zalla, ko da sau ɗaya ne, ya gama da injin.

2. Fetur ɗin bakin hanya. Dukanmu mun san zuwa-zuwa, kuma mun san wani lokaci yakan zo da ruwa ko datti ko gaurayen kananzir. Mota kan haƙura, ƙaramin inji mai saurin gudu ba ya haƙura. A tace da tsumma mai tsabta, kuma kada a ajiye haɗaɗɗen mai ya wuce wata guda.

3. Ƙura da zafi. Da hunturu matatar iska kan toshe cikin wuni ɗaya. A watan Maris da Afrilu kuma zafin Garwa kan haura digiri 40. A share matata kullum da yamma, a yi aiki da sassafe, a bar inji ya huce.

4. Dakusasshiyar sarƙa. Itatuwanmu masu tauri ne, gara kuma tana shafe gindinsu da ƙasa. Sarƙa ta taɓa ƙasa sau ɗaya, kaifinta ya tafi. Alamar mai kaifi ita ce ta riƙa zubo da ɓarzajjen itace manya-manya. In ka ga gari kamar na tuwo, a tsaya a wasa da magagari daidai girman haƙoranta. Kuma kada a zuba wa sarƙa baƙin man da aka juye daga mota, yana cinye famfo da takobi. Wancan man a ajiye shi, za mu faɗi amfaninsa a gaba.

YADDA AKE KAYAR DA ITACE

Inji in ya lalace a sayi wani, ƙafa kuwa ba a sayar da ita a kasuwa. Sarƙar nan tana gudun wajen mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. Mun taɓa ɗauko wani yaro a motar shanu daga daji zuwa asibiti, inji ya sare shi a cinya. Ya rayu, amma har yau da ɗingishi yake tafiya. Da silifa yake aiki a ranar, ba wanda ya taɓa koya masa komai, an dai miƙa masa inji an ce ga itace.

Kafin a ta da inji, a zagaya itacen. Ina ya karkata? Wane gefe rassa suka fi nauyi? Akwai busasshen reshe a sama da zai iya karyowa? Akwai zuma a kogonsa? A ƙwanƙwasa gindin da gatari, in ya yi amon ganga to cikinsa rami ne, kuma irin wannan ba ya faɗuwa inda aka nufa, sai a bar wa gwani. In ana iska mai ƙarfi a haƙura sai gobe.

Sannan a kori kowa. Mutum ko dabba kada ya kusanci wurin ƙasa da tsawon itacen sau biyu da rabi. Itace mai tsawon mita 15, a ja baya wajen mita 40. Mu da muke da shanu sai mun ƙara kula, domin ƙarar inji kaɗai ta isa ta fasa garke. Mai yanka kuma ya share wa kansa hanyar gudu guda biyu ta bayan itacen, ɗaya a karkace ta dama ɗaya ta hagu. Kada ya gudu ta bayansa kai tsaye, domin gindin kan yi tsalle ya koma baya.

Yankan kansa mataki uku ne. Da fari a buɗe baki a gefen da ake so ya faɗa: yanka ɗaya a karkace daga sama, ɗaya a kwance daga ƙasa, su haɗu, a cire ɓallin kamar yankan kankana. Zurfin bakin ya kai kashi ɗaya cikin biyar na kaurin itacen, kada ya wuce ɗaya cikin uku. Na biyu, a koma ta ƙeya a yi yanka a kwance, sama kaɗan da ƙasan bakin, kamar yatsu biyu. Na uku, kuma nan ne mutane ke kuskure, kada yankan ƙeya ya haɗu da baki. A bar tsakani kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin itacen. Itace mai kaurin santimita 50, bakinsa 10 zuwa 15, abin da za a bari kuwa 5. Wannan ɗan abin da aka bari shi ne ke riƙe itacen kamar hinjin ƙofa, ya kai shi inda aka nufa. Wanda ya yanke shi, itacen zai juya ya faɗi inda ya ga dama.

In itace ya ƙi tafiya ko ya danne takobi, a buga weji na katako ko na roba a cikin yankan ƙeya. Ban da na ƙarfe, sarƙa za ta iya taɓa shi. Da ya soma motsi a kashe inji, a bi hanyar da aka share, ido yana sama. In ya faɗa ya maƙale a jikin wani itacen, kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa, a ɗaura dogon igiya a ja daga nesa.

Akwai kuma harbi. Kowa a cikinmu ya san saniyar da ke harbi ba ta sallama. Haka inji yake: in saman tsinin takobi ya taɓa wani abu, sai ya tashi ya nufo fuskar mai riƙe da shi, kafin ƙiftawar ido. Don haka ake sa wa injuna birkin sarƙa a gaban hannun hagu. Tsohon 070 yawancinsa ba shi da wannan birki, shi ya sa ba a ba ɗan koyo. A riƙe inji da hannu biyu, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kada kuma a hau itace da shi. Takalmi mai rufi, hular kwano, tabarau da abin toshe kunne, duk kuɗinsu bai kai na kwana biyu a asibiti ba. Kuma kada mutum ya tafi daji yanka shi kaɗai.

ITACEN DA BA A KAYARWA

A da, kafin mutum ya kayar da babban maɗaci da gatari sai ya wuni, wani lokaci ya kwana biyu, don haka sai ya yi tunani kafin ya soma. Yanzu kafin a gama shan shayi inji ya kwantar da itacen da ya girmi kakan mai yankan.

Waɗanda suka daɗe a wannan hanya sun san yadda kwarin Binuwai ya canza. Tun daga shekarun 1970 mutane ke ƙaura daga wajen Marwa da duwatsun Mandara suna buɗe gonaki a nan, aka kuma gama madatsar Lagdo a 1982. Gonakin auduga da masara sun matse burtali. Ga gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida da wuraren farauta, waɗanda suka ɗauke fiye da kashi 40 cikin 100 na jihar Arewa, ba a shiga da shanu. Abin da ya rage mana kaɗan ne, kuma itatuwan da ke cikinsa su ne rumbun shanunmu na bazara.

Guda huɗu ne kan gaba: gawo, maɗobiya, kawo da maɗaci. Gawo shi ne mai abin mamaki, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ga 'ya'yansa da dabba ke ƙiba da su. Don sanin darajarsa ne a tsakiyar shekarun 1990 shirin raya karkara na DPGT, tare da SODECOTON, ya riƙa ba manoma ɗan ihisani a kan kowane ɗan gawo da suka bari ya tashi a gona. Sauran ukun kuwa sukan fitar da sabon ganye daidai lokacin da ƙasa ta bushe ƙarƙaf. Abin takaici, su ne kuma masu katako suka fi nema. Waɗanda ke bi ta Taraba sun ga abin da ya sami maɗobiya a shekarun 2010, lokacin da tireloli suka riƙa kwasar gungumenta zuwa tashar jirgin ruwa a kai Sin. Abin ya kai a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya ke sa wa ido, a 2022 kuma aka dakatar da cinikinta zuwa waje daga ƙasashen da take fitowa. Amma inda aka riga aka share, makiyayi bai sake samun ganyenta ba.

Tsofaffin Fulani suna da ƙa'ida wajen sassabe wa dabbobi ganye. Da adda suke hawa, su sare ƙananan rassa, su bar kan itacen, kuma ba sa komawa kansa sai ya murmure. Itacen da aka yi wa haka zai ciyar da garken ɗa bayan ya ciyar da na uba. Wanda aka kayar da inji kuwa abincin wuni ɗaya ne. Saboda haka duk wanda ya ba 'yan kora shanunsa, ya ja musu kunne a kan wannan tun kafin su tashi.

To ina za mu sami turaku? A saya wurin masu shuka turare da darbejiya, tunda waɗannan in an sare su sukan sake tohowa daga kututture. Gara takan ci su, gaskiya ne, amma a nan baƙin man juyen nan zai yi amfani: a shafe gindin turke da shi kafin a kafa. Inda kuma shanu ke yawan turereniya, kamar bakin wurin lodi, bututun ƙarfe ya fi, ko da zai fi tsada a farko.

MAGANAR DOKA

Dokar daji ta Kamaru ta 1994 da yawancinmu suka sani an maye gurbinta da sabuwa a watan Yulin 2024, kuma hukunci ya ƙara tsanani. Doka ta bambanta mutumin gari da ya ɗebi itace don amfanin gidansa da wanda ya sare don ciniki. Na biyun sai da takardar izini daga ma'aikatar gandun daji. Yardar jauro ko lawan wajibi ce don zaman lafiya, amma ba ta zama takarda a gaban ma'aikacin gandun daji. In aka kama mutum, inji da katako ne farkon abin da ake ƙwacewa. Masu motoci kuma su yi hattara da ɗauko katakon da ba takarda in sun sauke shanu za su dawo, domin ɗan abin da direba zai samu ba zai fanshi motar ba in aka tsare ta. Takardar wannan gefen iyaka kuma ba ta aiki a wancan gefen.

SHAWARARMU

Ga mai gidan kiwo wanda buƙatarsa datse rassa ce da itacen girki da ƙananan turaku, ƙaramin inji na gaske ya ishe shi, in zai tsaya a kan aikin da aka yi shi dominsa. Ga ƙungiya kuwa, aikin shingenmu bai wuce na 'yan makonni a shekara ba. Injin da zai iya shi mai tsada ne, kuma kayan jama'a in ba mai shi, kowa ya ara ya kai gonarsa, kafin shekara ya zama tarkace. A ganinmu gara mu ci gaba da ɗaukar gwani mai takarda, mu yi ciniki da shi a kan turke ko a kan katako, mu kuma gindaya masa sharaɗin cewa ba gawo, ba maɗobiya, ba kawo, ba maɗaci. In kuwa jama'a sun nace sai an saya, to a sayi na ma'aikata mai wajen cc 70 da birkin sarƙa, a damƙa wa mutum ɗaya da ya koya wurin gwani, a buɗe littafi a riƙa rubuta inda ya je da abin da ya yanka.

Muna kuma roƙon a zama mai zuwa a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don dasa itatuwa a kewayen tike da mashaya kafin damina ta sauka. Malamanmu sun karantar da mu cewa duk abin da ya ci daga itacen da mutum ya dasa, ko dabba ce ko tsuntsu, ladan yana gare shi. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani ya kawo wa sakatare kafin ranar zama.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.